Kwance Ƙafar Bayan Babur don Canza Taya: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu babura, 'yan acaɓa da masu hawa don kai, musamman wanda ya sayo sabuwar taya yana son ya sa da hannunsa, ko wanda faci ya ritsa da shi nesa da gari. Bayanin ya fi shafar ƙananan babura masu sarƙa da birkin ganga, irin su Bajaj Boxer, Jincheng, Haojue, TVS da roba-roba. Don kada mu ruɗe: idan an ce ƙafa ana nufin abin gaba ɗaya, wili shi ne ƙarfen, taya kuwa robar.

Zan iya kwance ƙafar baya da kaina, ko sai na kai wa bakanike?

Za ka iya. Kwancewa ba ta da wuya, yaron shago ma yana yi cikin 'yan mintuna. Inda aikin yake shi ne mayarwa, domin ƙafar baya ce ke ɗauke da birki, da sarƙa, da mafi yawan nauyin da ke kan babur. Karon farko ka ware awa biyu, ka yi da rana, kuma kafin ka taɓa noti ko ɗaya ka ɗauki hoton ɓangaren dama da na hagu da wayarka. Hoton nan zai raba maka gardama da kanka idan ka zo mayarwa.

Waɗanne kayan aiki nake buƙata?

Sifanu masu zobe sun fi masu buɗaɗɗen baki, don ba sa cinye kan noti. Notin aksil, wato dogon ƙarfen da ya ratsa tsakiyar ƙafa, galibi lamba 17 ne ko 19 ko 22, kuma sifana biyu ake so, ɗaya ta riƙe kan aksil ɗaya ta juya noti. Ƙananan notuna suna cin lamba 10, 12 da 14. Sai filaya, sukudireba, guduma da guntun katako, liba biyu ko uku ta ɓanɓare taya, abin kwance ƙwayar bawul, famfo, geji na auna iska, giris kaɗan, ruwan sabulu, hoda da tsumma.

Ka ƙara da buhu ko kwali da za ka shimfiɗa, da kwano na zuba notuna. A cikin rairayi washa ɗaya idan ta faɗi sai dai a yi haƙuri, kuma aksil mai giris idan ya taɓa ƙasa ya kwashi yashin da zai je ya cinye boris, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da ƙafa ke juyawa a kansa.

Yaya zan kafe babur ɗin? Nawa ba shi da dabal sitan.

Mai dabal sitan ya samu sauƙi: a kafe shi a ƙasa mai tauri, in ƙasar mai laushi ce a sa katako a ƙarƙashi. Katakon yana da wani amfani ma, yana ƙara ɗaga bayan babur, ƙafar ta fi saurin fita daga ƙarƙashin madigadi. A sa dutse a gaba da bayan tayar gaba, ko a ɗaure hannun birkin gaba da roba.

Wanda sitan ɗin gefe kawai gare shi sai ya nemi turmi ko kututture ko bulo ya tokare ƙasan firam, ba salansa ba, ba kuma fedar birki ba. A irin wannan kafi, a fara sassauta notin aksil tun taya tana ƙasa, domin ƙarfin da za ka sa wajen motsa notin ya isa ya tunkuɗe babur daga kan turmin. Kuma a samu mutum na biyu ya riƙe kan babur.

Da me ake farawa, me ke biye?

Da birki. A bayan ƙafa ta dama akwai siririn ƙarfe da ya taho daga feda, da noti a ƙarshensa. Ka ƙirga zaren da ya leƙo bayan notin kafin ka kwance, sannan ka taka feda, ƙarfen zai zare kansa. Sifirin ɗinsa da ɗan gungumen ƙarfen da yake ratsawa su ne suka fi ɓata, saboda haka ka mayar da su jikin ƙarfen ka ɗaura notin a kai. Daga nan sai ƙarfen da ke riƙe murfin birki kada ya juya: a zare kota fin ɗinsa, wato ɗan siririn ƙarfen da ke hana noti kwancewa, da filaya, a kwance noti, a sauke shi.

Sai notin aksil. Idan ya fita, ka tallafi taya da ƙafarka ko ka cusa katako a ƙarƙashinta don nauyi ya sauka daga kan aksil, ka zare shi. Wani guntun ƙarfe mai rami, wanda bakanikai ke kira bushin, zai faɗo daga gefen dama. Ka lura da yadda yake zaune da gefen da aksil ya shigo. Dabara mai kyau ita ce ka jera bushin, washa da noti a jikin aksil yadda suka fito. Abin da ya rage ya danganta da irin ƙirar babur ɗinka, kamar yadda amsa ta gaba ta nuna.

Dole ne sai an cire sarƙa?

Ba kullum ba, kuma nan ne mutane da yawa ke wahalar da kansu a banza. A Boxer da yawancin roba-roba da Jincheng ƙirar AX100, faifan haƙoran da sarƙa ke hawa yana da nasa babban noti da ya manne shi da reshen hagu, wato ɗaya daga cikin ƙarafa biyu da suka riƙe ƙafar baya hagu da dama. Ƙafar tana haɗuwa da shi ne ta robobin damfa kawai, wato robobin da ke tsakanin faifan da tsakiyar wili. Idan ka zare aksil ka cire bushin, sai ka ja ƙafar zuwa dama, ta rabu da robobin, sarƙa da murfinta su zauna inda suke. Kada ka taɓa babban notin nan, kada ka taɓa notunan jan sarƙa, saitinka yana nan yadda ka bar shi.

A babura ƙirar CG, irin yawancin 125 da 150 na China, faifan yana jikin ƙafar ne, tare suke fita. Nan sai an cire murfin sarƙa, an sassauta notunan ja na gefe biyu, an tura ƙafar gaba har sarƙa ta yi sako-sako, sannan a zame ta daga kan haƙora a rataye ta a jikin reshe kan tsumma. Ba sai an raba sarƙar ba. In kuwa ka raba ta a mahaɗi, wajen mayar da kilif ɗin, rufaffen kansa ne zai fuskanci inda sarƙa ke tafiya. Aka juya shi, wata rana zai tsalle a kan hanya.

Aksil ya ƙi zaruwa, in buga masa guduma?

Ba kai tsaye ba. Bugun guduma a kan zare yana buɗe bakin ƙarfen, noti ya ƙi shiga daga baya. Ka mayar da notin har ya yi daidai da bakin aksil, ka ɗora katako, sannan ka buga a hankali. Idan ya motsa sai ka cire noti ka tura sauran da wani ƙarfe da bai kai shi kauri ba. Tsatsa ce ke kama shi, musamman babur da ya sha ruwan damina ba a taɓa shafa masa giris ba, don haka ɗigon baƙin mai ko kananzir da ɗan jira suna taimakawa. Sau da yawa ma ba tsatsa ba ce, nauyin ƙafar ne ya danne shi. Ɗaga ta kaɗan sai ka ga ya zare da hannu.

Komai ya saki amma ƙafar ta ƙi fitowa ta baya.

Ka fara zare murfin birki daga cikin ganga, faɗin ya ragu. Sannan wani ya karkata babur zuwa hagu a kan sitan, kai kuma ka kwantar da ƙafar kaɗan ka mirgino ta ta dama. Sace iskar taya yana ƙara ba da wuri.

Tun da ƙafa tana ƙasa, me ya kamata in duba?

Wannan dama ce da ba kullum ake samu ba, kuma abin takaici yawancin mutane taya kawai suke kallo. Fara da takalman birki: idan abin da ke jikinsu ya sirance ya kusa milimita 2, ko ya fara ɓanɓarowa, ko mai ya jiƙa shi, a canza su biyun tare. Ƙurar cikin ganga a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, kada a hura da baki ko da iskar kwamfaresa, domin wasu takalman ana haɗa su da asbestos, shaƙarsa kuwa tana lalata huhu.

Sai boris. Sa yatsa a cikinsa ka juya. Lafiyayye yana juyawa sumul, wanda ya mutu za ka ji gurzar yashi ko ka ji yana girgiɗi. Robobin damfa idan sun farfashe ko sun saki, su ne ke sa ka ji "ƙwas" a baya duk lokacin da ka saki kuloci. Cusa musu yankan tsohon tub yana kai mutum gida, amma ba gyara ba ne. Wayoyin wili kuma a bi su ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa da sifana: mai ɗauri tana ƙara siririya, wadda ta saki tana amsawa a dushe. Haƙoran faifai idan sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙugiya, faifan da sarƙar duk sun gama aiki.

Wace taya zan saya, me lambobin jikinta ke nufi?

Ka karanta ta jikin babur ɗinka, ko takardar da aka manna a murfin sarƙa. Idan ka ga 3.00-17, faɗin taya inci 3 ne, wili kuma inci 17. Idan 90/90-18 ne, faɗin milimita 90, tsayin gefenta kashi 90 cikin ɗari na faɗin, wili inci 18. Lambar ƙarshe ba ta da sassauci: tayar 17 ba ta hawa wilin 18, kuma Boxer 17 yake ci, yawancin ƙirar CG da AX100 kuwa 18. Sa wadda ta fi faɗi sosai don ado yana sa ta goga murfin sarƙa ko ƙarfen birki. Mai ɗaukar kaya ya duba mai alamar 6PR maimakon 4PR, don ta fi ƙarfin ɗaukar nauyi. Lamba da harafi irin 47P kuma suna nufin tayar na ɗaukar kilo 175, gudunta kada ya wuce kilomita 150 a awa.

Akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye a gefen taya da ke faɗin mako da shekarar ƙira: 2423 na nufin mako na 24 na shekarar 2023. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, balle wadda ta shekara a rana a ƙofar shago. Taya mai shekara biyar ko shida, ko mai ƙananan tsaga a gefe, ni dai ba zan saya ba ko zanenta na sheƙi. Haka 'yar gwanjo: araha ba ta ado.

Yaya ake raba tsohuwar taya da wili?

Kwance ƙwayar bawul iska ta fita duka, cire ɗan notin bawul, sannan ka tattaka gefen tayar zagaye har bakinta ya saki wili. Sirrin aikin ɗaya ne: tsakiyar wili tana da kwari, kuma sai bakin taya na ɗaya gefen ya faɗa cikin kwarin nan kafin gefen da kake ɓanɓara ya samu sarari. Saboda haka ka danne gefen da ke nesa da bawul da gwiwa, ka sa liba kusa da bawul, ka riƙa ɗaukar kaɗan-kaɗan. In ka ji kana kokawa da liba, bakin bai shiga kwari ba. Gefe ɗaya ya fita, sai a zaro tub, a fitar da ɗaya gefen. A shimfiɗa kwali, kada gefen boris ya kwanta a ƙasa.

Idan faci ne ya kawo ka, kada ka yi gaggawar jefar da tub. Hura shi ka nemo hujin, ka ɗora shi a kan tayar ka ga inda ya dace. Huji ɗaya ta waje, ƙusa ce ko ƙayar aduwa ko bagaruwa, kuma mai yiwuwa tana nan maƙale. Shafa cikin tayar da tsumma za ka ji ta kama. Huji ta ciki, kan wayar wili ne ya soke shi. Tsaga biyu a jere kamar saran maciji, ko rami aka faɗa da ƙarancin iska ko liba ce ta cije.

Yaya zan sa sabuwa ba tare da na huda tub ba? Kuma tsohon tub zai yi?

Sabuwar taya, sabon tub, mai lamba daidai da ta tayar. Tsoho ya riga ya miƙe, idan ya shiga sabuwar taya sai ya naɗe, wurin naɗin kuma nan yake tsagewa da zafin kwalta. Robar da ke rufe kawunan wayoyi a cikin wili ita ma a duba, in ta tsinke a sake.

Shafa ruwan sabulu a bakin taya, ka shigar da gefe ɗaya. Baƙin mai ko giris ba su da wuri a nan, suna cin roba kuma suna sa taya ta riƙa zamewa a kan wili. Barbaɗa wa tub hoda, ka ba shi iska kaɗan yadda zai yi siffa kawai, ka fara zura bawul a raminsa ka kama shi da noti zare biyu. Gefe na biyu a fara shi daga nesa da bawul, da hannu da dunduniya, liba sai a ƙarshe, kuma kada a tura ta can ciki ko a kifar da ita gaba ɗaya. Kafin ka rufe wajen bawul, tura shi ciki kaɗan don kada bakin taya ya danne gindinsa. Bayan an buga iska, akwai siririn layi a gefen taya kusa da wili. Nisansa da wili ya zama ɗaya zagaye. Inda ya nutse, a sace iska a ƙara sabulu a sake bugawa.

Kibiyar da ke gefen taya fa?

Tana nuna inda taya za ta riƙa juyawa idan babur na tafiya gaba. Ka tsayar da wili yadda zai zauna, gangar birki a dama, ka daidaita kafin ka fara sawa. Wasu tayoyin suna da kibiya biyu, ta gaba da ta baya; ta baya za ka bi.

Yaya ake mayar da ƙafar?

Goge aksil ka shafa masa giris sama-sama. Mayar da murfin birki cikin ganga, ka tabbata babu ko ɗigon giris a takalman. Mirgina ƙafar ta shiga, ka ɗaga ta da katako ko da tafin ƙafarka har ramuka su daidaita. A irin Boxer, sai kunnuwan faifai sun shige tsakanin robobin damfa sun zauna daram kafin bushin ya samu wurin shiga. In bushin ya ƙi, robobin ne ba su zauna ba, kada ka buga shi. A ƙirar CG a ɗora sarƙa tukuna. Zura aksil ta cikin abin jan sarƙa na gefe biyu, ɗaura noti da hannu.

Yanzu mayar da ƙarfen riƙe murfin birki, da notinsa, da kota fin. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Idan ƙarfen nan ya kwance a kan tafiya, kana taka birki murfin zai juya tare da ƙafa, ya nannaɗe ƙarfen feda, ko birki ya ɓace ko ƙafar ta ƙulle nan take. A wasu baburan babu wannan ƙarfe, tsaga ce a jikin murfin da ke shiga wani ɗan tudu a reshe, sai a tabbata ta shiga. Daga nan a haɗa ƙarfen feda, a saita sarƙa kamar yadda amsa ta gaba ta ce, sannan a juya ƙafa, a taka birki a riƙe, a ɗaure notin aksil tamau. Riƙe birkin yana sa takalman su zauna a tsakiyar ganga.

Yaya ɗaurin sarƙa ya kamata ya kasance?

A tsakiyar sarƙar ƙasa, ta ɗan ramin da ke jikin murfi mai toshiyar roba, ka ɗaga ta da yatsa: ta yi wasa sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3. Ka juya ƙafa ka gwada wurare da dama, domin tsohuwar sarƙa ba ta miƙewa daidai, kuma a wurin da ta fi ɗauri ake saitawa. Masu ɗaure ta kamar tsirkiya suna ganin gyara suka yi, alhali da mutum biyu sun hau, bayan babur ya sauka, sarƙar ta ƙara ɗaurewa, ta ci boris da haƙora.

A reshe biyun akwai zane-zanen awo. Duk zanen da gefen hagu ya tsaya, na dama ma ya tsaya a kansa, in ba haka ba ƙafar ta karkace. A irin Boxer sai an sassauta babban notin faifai kafin a ja sarƙa, a ɗaure shi kafin na aksil. Bayan ɗaure komai a sake gwada wasan, yakan canza.

Birkin ya canza bayan na mayar.

Notin ƙarshen ƙarfen feda ne. Mayar da shi adadin zaren da ka ƙirga tun farko, sannan ka gyara har feda ta riƙa sauka santimita 2 zuwa 3 kafin birki ya kama. Juya ƙafa ka saurara, kada takalma su riƙa goga. Duk lokacin da aka ja sarƙa ƙafa ta matsa baya, saitin birki ya canza, shi ya sa birki ke zuwa bayan sarƙa. Ka leƙa fitilar birki ma ka ga tana kamawa.

Iska nawa zan buga?

Abin da kamfani ya rubuta a jikin babur shi ne gaba. A ƙananan babura irin waɗannan, tayar baya tana cin wajen 28 a geji (a ma'aunin PSI) idan mutum ɗaya ne, 32 idan da goyo. Da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Matsa taya da babban yatsa ba awo ba ne. Ƙarancin iska yana sa taya ta ja tub har bawul ya karkace ya tsinke daga gindi, don haka ɗan notin bawul kada a ɗaure shi jikin wili. A bar shi sama, in bawul ya fara kwanciya ka gani da wuri.

Na hau, sai na ji babur yana lilo ko ƙara daga baya.

Tsaya ka kafe shi. Kama taya da hannu biyu ka girgiza gefe da gefe. In ta motsa, ko notin aksil bai ɗauru ba, ko boris ya mutu, ko an manta bushin. Juya ta ka kalli layin gefen taya da aka yi bayani a amsar sa sabuwa, in tana tsalle bakin bai zauna ba. Babur mai ja gefe ɗaya, koma ga zanen awo. Ganga mai zafin da hannu ba ya iya taɓawa bayan gajeriyar tafiya, birki ne ke goga. In duk waɗannan lafiya, ka sani sabuwar taya tana da santsi. A bi ta a hankali a kwana da kan jiƙaƙƙiyar kwalta kilomita 100 zuwa 150 na farko, kuma a sake bin notuna da sifana bayan kwana ɗaya.

Nawa birkin faifai ne, tayar kuma tubles. Akwai bambanci?

Akwai. Idan ƙafa ta fita kada kowa ya taka feda, takalman za su haɗe faifai ya rasa wurin shiga. A cusa kwali mai kauri a tsakaninsu. Kan birkin, wato abin da ke riƙe da takalman, kada a bar shi yana reto a jikin tiyonsa, kada kuma a kwantar da ƙafa a kan faifan. Bayan mayarwa a tattaka feda har ta yi tauri kafin a motsa. Tubles kuwa bakinta yana kama wili da ƙarfi, liba tana saurin ƙwarzane wilin alminiyam, kuma galibi famfon hannu ba ya iya zaunar da ita sai kwamfaresa. Ka kwance ƙafar da kanka in kana so, amma sa tayar ka kai wa mai faci, a canza bawul ɗin a lokaci ɗaya.

Idan mai faci ne ya yi aikin duka, me zan duba kafin in biya?

Mai faci gwanin roba ne, mayar da ƙafa kuwa sau da yawa yaronsa ake bar wa yayin da maigida ya koma kan wata taya. Na taɓa tsayawa a kan wani yaro ya gama ɗaure komai, muna shirin tafiya sai ga bushin a cikin kwanon ruwan gwada tub. Ka duba ƙasa ko akwai abin da ya rage. Ka ga kota fin da idonka, in an ce ya ɓata a sa sabo, ba lanƙwasasshiyar ƙusa ba. Ka duba kibiyar taya, zanen awo na gefe biyu da wasan sarƙa, ka ce a sa geji a gabanka. Sannan ka tura babur da hannu taku biyar ka taka birkin baya kafin ka tayar da inji.